Sallamar da Kawu Mashudu Bai Yi Ba

Kawu Mashudu yayan mahaifiyata ne. Duk wanda ya taɓa kai kekensa gyara a unguwar Sakasaka da ke Tamale ya san shi: dogo ne siriri, yana ɗan ɗingishi, rumfarsa na gindin wata darbejiya kusa da masu koko da ƙosai. Ba ya sa silifa ko zafi ya kai ina. Kullum ƙafarsa tana cikin rufaffen takalmi, domin ta hagun babu yatsu uku. A wata ƙasa mai nisa ya baro su.

Watan jiya ne ina ɗauke da shi a babur daga gidanmu na Vittin zan kai shi rumfa. Yana ba ni labarin wani da ya kawo masa taya wadda faci ya fi roba yawa, sai maganar ta yanke a tsakiya. Na ji nauyinsa gaba ɗaya ya kwanto a bayana. Ban san yadda na tsayar da babur ɗin ba. Wani mai yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, shi ne ya sauke fasinjojinsa ya kai mu asibiti. Har yau ban sake hawa babur ba.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma in ta sake dawowa, ɗan maganar da ta rage masa ma tana iya tafiya. Da bakinsa ya ɗan buɗe, mun zaci rumfa zai tambaya, ko ya yi wa matarsa Mma Sanatu magana, tana zaune a gefensa. Sai ya kama ni da hannunsa mai lafiya.

"Madam Digiri," ya ce. Haka yake kirana tun da na gama jami'a na zauna ba aiki. "Ban yi wa Mma Ragna sallama ba. Ki nemo min ita a wayar nan taki tun bakina na aiki."

Sai wanda ya san Kawu zai gane nauyin wannan maganar. Mutum ne da ko Savelugu za shi, sai ya bi maƙwabta ƙofa-ƙofa ya ce zai yi tafiya, in ya dawo ya sake bi ya ce ya dawo. Yakan ce akuya ce ke tsinke igiya ta tafi ba ta gaya wa kowa ba. Amma akwai gari guda da ya zauna shekaru, aka yi masa alheri, ya fita bai ce wa kowa sai wata rana ba. Abin yana cinsa shekara talatin.

A wata ruga aka haife shi, a bayan gari ta wajen hanyar Kumbungu. Kakata nono da wagashi, wato cuku, take kawowa kasuwa. Tun yana saurayi ya shiga cikin masu kora shanu da ƙafa zuwa kudu, su bi ta Yapei, Buipe, Kintampo, har Techiman, wani lokaci har Kumasi. Ya ce ba sa ɗaukar komai sai sanda da buta da bargo. "Inda kika ga hayaƙi akwai mutum, inda akwai mutum akwai ruwa. Ki tsuguna ki gaida mai gida, kafin ki faɗi sunanki an ajiye miki ƙwarya." A kan wannan ya gina duk abin da ya sani game da hanya, kuma hanyar ba ta taɓa ƙaryata shi ba.

Da manyan motoci suka ƙwace jigilar shanu, sai ya gangara Tema, bakin teku, ya sami aiki a jirgin kamun kifi. Jirgin ya yi ta yawo da shi har mai shi ya sayar da shi a can ƙarshen arewacin Norway, inda rana ba ta faɗuwa tsawon bazara, ba ta kuma fitowa tsawon hunturu. Abokan aikinsa suka watse. Shi ya tsaya a wani ɗan ƙaramin gari a bakin teku yana rataye kifi a kan dogayen katakai don iska ta busar da shi. A nan Mma Ragna ta gan shi. Bazawara ce mai ɗan masaukin baƙi a ƙarshen garin. Ta ba shi ɗaki a bayan kicin, yana wanke mata zannuwan gado, yana faskare, yana share ƙanƙara daga bakin ƙofa. Da ta lura ba ya cin naman alade, ta sayi kasko daban ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, kowa ya san na Mashudu ne. Lokacin da rana ta ƙi faɗuwa ya rasa gane magariba da isha, ita ce ke duba agogo ta ƙwanƙwasa masa bango.

Muna yara, ni da 'yan'uwana mukan zauna a bencin rumfarsa mu dame shi. "Kawu, me ake yi a garin?"

"Titi ɗaya ne fa," yakan ce, yana tsoma tiyub a ruwa yana neman inda ya huje. "Ki bi shi ki je, ki bi shi ki dawo. In kin gaji ki sake."

Amma in ya fara ba ya tsayawa. Akwai kanti guda da ake sayar da komai, daga burodi har ƙugiyar kifi, a kusurwarsa akwai tebur da tulun gahawa. Tsofaffin masunta kan zauna a wurin tun safe ba mai ce wa wani uffan. Da farko ya ɗauka faɗa suka yi. Ya yi ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar gida da iyali da sanyi, suna kallonsa kamar ya zo karɓar haraji. Sai da ya daɗe ya gane shirun nan shi ne hirarsu, ya koyi zama a cikinsa. Idan jirgin ruwa mai kawo kaya ya busa ƙaho, kowa ya fita gaɓa ya tsaya ya ga wa ya sauka, ko da ba ya jiran kowa. Wannan, in ji shi, bai bambanta da tashar Tamale ba.

Akwai ɗakin karatu mai ɗumi inda yakan je ya kalli hotunan littattafan da bai iya karantawa ba. Akwai wani ɗakin katako da ake hura wuta a ciki, maza su tuɓe su zauna suna gumi, daga nan su ruga su faɗa cikin teku mai ƙanƙara. Sun yi ta jansa, sau ɗaya ya shiga, da dogon wandonsa, suka yi ta dariya har da mai riƙe ciki. Da ƙarshen bazara kuma mata kan shiga fadama tsinkar wasu 'ya'yan itace ƙanana ruwan ɗorawa, kuma ba mai gaya wa ko 'yar'uwarta inda ta samo. Mma Ragna ta kai shi nata wurin, ta sa yatsa a baki. Har ya tsufa bai taɓa kwatanta mana wurin ba, mu da ba mu san ko ina Norway take ba. Hasken nan kuwa mai kore da ke yawo a sama da hunturu, ya ce ranar da ya fara ganinsa salati ya kama yi, ya zaci tashin duniya ne.

A bayan cocin garin wata 'yar hanya ta tashi ta hau duwatsu. Mai tafiya da ƙafa kan fi mako a kanta kafin ya sauka wani ƙaramin gari a kan iyaka. Saboda ita baƙi ke zuwa masaukin. Kawu yana kiransu masu jaka, domin kowanne na goye da jaka kamar ya kwaso ɗakinsa. Kafin su tashi sukan kwana biyu a gari, su sayi safa da busasshen abinci, su aika wa gida katin hoto, su tsaya gaban taswirar da ke bangon masauki suna ta aune-aune. Waɗanda suka fito daga ɗaya ɓangaren kuma sukan iso da ƙafafu duk bororo, suna wari, su ci kifi faranti biyu, su shiga ɗakin gumi, su yi barci kamar matattu. Shi ke kai musu ruwan gishiri su tsoma ƙafa. Yana kallonsu yana cewa a ransa, wannan tafiyar da ba shanu, ba ƙaya, ba ɓarayi, ita ce ake wa wannan shiri haka?

Ya daɗe yana duba taswirar nan. A kan layin hanyar an zana 'yan ƙananan gidaje ja, nan ɗaya, can ɗaya. Kuma ya sha ganin garken wasu dabbobi masu kama da barewa, masu ƙaho kamar reshen itace, suna kiwo a gindin duwatsun, aka ce masa suna da masu su. Sai ya haɗa lissafinsa irin na ɗan ruga: ga gidaje a hanya, ga garke, inda akwai garke akwai makiyayi, inda akwai makiyayi akwai wuta da nono. Ƙafarsa kuma ta yi kewar doguwar hanya.

Baƙi sun fara raguwa ya ce wa Mma Ragna zai je ya ga hanyar. Ta ce masa babu kowa a can. Ya ce ya ji. Ai a wurinmu ma haka ake cewa daji babu kowa, ka shiga ka tarar da mutane. Ta ce ya ɗauki jaka babba da abinci, ya je kanti ya karɓi mabuɗi. Maganar mabuɗin ce bai ɗauka da muhimmanci ba, don bai ga abin da baƙo zai yi da mabuɗin gidan wani ba. Ta cusa masa rigar ulu ta marigayi mijinta, sannan ta shiga jirgi zuwa birni ganin likitan ido, tana zaton zai jira ta dawo su gama shirin.

Bai jira ba. Amma kafin ya tashi ya bi garin gida-gida. Ya ƙwanƙwasa wa mai kanti, da fasto, da tsofaffin teburin gahawa, da matar da ke ɗakin karatu, har da wani da bai taɓa amsa masa gaisuwa ba. Ya gaya wa kowa zai bi hanyar bayan coci, zai sauka garin kan iyaka, zai dawo a mota, a yafe masa in ya yi wa wani laifi. Ya ce suka tsaya a bakin ƙofofinsu suna kallonsa, ba su san me ake amsawa ba. Ya ɗauki bargo da buta da burodi da busasshen kifi kaɗan, ya hau dutse.

Farkon tafiyar, ya ce, bai taɓa jin daɗi irinsa ba tun barinsa gida. Ƙasa ta yi ja da rawaya, ruwa na gudu ta ko'ina, ka durƙusa ka sha. Ya ga dabbobin nan, ya yi musu irin kiran da yake wa shanu, suka ɗaga kai suka gudu. Ba makiyayi a bayansu. Da ya isa jan gida na farko ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama. Shiru. Ya matsa ya tafa hannu. Ya zaga baya. Ƙofa a kulle, ba hayaƙi, ba kare, ba sawun yaro. Ta taga ya hango gadaje da murhu da itace a jere. Ya ce a ransa masu gidan sun fita kiwo, ya zauna a bakin ƙofa yana jira har barci ya ɗauke shi.

Ashe ba gidan kowa ba ne. Ɗakuna ne da aka gina don matafiya, kowa da mabuɗinsa yake zuwa, da abincinsa.

Da wani ne da ya juya. Shi kuwa ya ce na gaba ba zai rasa mutane ba. Na gaban ma a kulle. Burodi ya ƙare, kifi ya ƙare. Daga nan sama ta canza, dusar ƙanƙara ta sauko tun lokacinta bai yi ba, ta rufe hanya da jajayen alamun da ake bi. Da ƙyar ya lallaɓa ya koma gida na biyun. Ya raɓa jikin bango ta inda iska ba ta bugowa, ya lulluɓa da bargo. Takalminsa ya jiƙe tun wajen tsallake wani rafi. Ya ce da farko ƙafar ta yi ta zugi, daga baya ta yi shiru, shi kuma ya ji daɗin shirun, bai san shi ne mugun ba.

Mma Ragna ta dawo ta tarar ba ya nan, ga ƙanƙara na zuba. Ta shiga kanti tana tambaya. A garin da mutum kan yi wata bai san inda maƙwabcinsa yake ba, sai ga shi kowa ya san hanyar da Mashudu ya bi da ranar da ya tashi, mai kanti kuma ya san bai karɓi mabuɗi ba. Tsofaffin nan marasa magana suka miƙe. Aka kira masu ceto. Jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauke shi daga jikin bangon, bai san inda kansa yake ba.

A babban asibitin birni ya farka, an yanke yatsun. A nan kuma aka duba takardunsa aka ga sun daɗe da ƙarewa. Daga gadon asibiti aka wuce da shi filin jirgi. Bai sake ganin garin ba. Ya sauka Accra da sandar guragu da rigar ulun mutumin da bai taɓa gani ba, ya hau mota zuwa Tamale. Ya koyi gyaran keke saboda aiki ne na zaune, ya auri Mma Sanatu, suka haifi 'ya'ya, ya zama Kawun da muka sani. Bai iya rubutu ba, bai san yadda ake rubuta sunan garin ba, kuma a ganinsa sallama ba abin aike ba ce, da baki ake yi, ido na ganin ido.

Na sha wahala kafin na samo garin. Yadda yake faɗin sunan, waya ba ta gane ba. Bayan an sallamo shi, kullum sai in hau yalo-yalo in je gidansa, in zauna gefen katifarsa ina bin gaɓar tekun a taswira, ina nuna masa hotunan ƙananan garuruwa. Duk kamarsu ɗaya a idona. Kowace safiya da tsoro nake shiga, ina sauraron ko zai amsa gaisuwata. Wata rana na nuna masa wani farin coci da dutse a bayansa, sai ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar ya ƙi ɗagawa.

Masaukin yana nan. 'Yar Mma Ragna ce ke riƙe da shi, sunanta Marit, lokacin Kawu tana 'yar makaranta. Na tura mata saƙo ina ta ba da haƙuri, ban gama tsammani ba sai ga amsa. Ta ce Mashudu mai buta? Ta ce sun nemi labarinsa a asibiti aka ce an mayar da shi ƙasarsu, ba su san ko wane gari ba. Mahaifiyarta na da rai, ta haura casa'in, tana gidan kula da tsofaffi. Tunaninta yana zuwa yana tafiya, amma da rana ya fi zama.

Muka sa ranar kiran bidiyo, bayan azahar. Kawu ya sa aka yi masa aski, ya sa farar riga da hula. Da lokaci ya yi ya ce a sauke shi daga katifa.

"Malam, ina za ka da wannan jikin?" in ji Mma Sanatu.

"Uwa zan gaisar. A kwance ake gaida uwa a gidanku?"

"A gidanmu mara lafiya ba ya taurin kai."

"To ai ba gidanku aka haife ni ba. Digiri, kama nan."

Tsugunawa yake so ya yi, yadda ake wa manya a nan, amma ƙafar dama ta ƙi. Muka zaunar da shi a tabarma, Mma Sanatu ta tallafe bayansa da gwiwarta. Ya ce in ɗaga wayar sama da kansa. Na ɗaga ta da hannu biyu.

Wata 'yar tsohuwa ta bayyana, fara fat, an rufa mata bargo a gwiwa, Marit na gefenta. Ta daɗe tana kallonsa. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ta da yarensu, kalmomin na fita a karkace, rabi na maƙalewa. Ba alamar ta gane shi. Na ce a raina mun makara. Marit ta sunkuya ta yi mata magana a kunne. Sai tsohuwar ta ɗaga yatsa ta nuna shi, ta yi wata magana da kaifi. Marit ta yi dariya tana share ido, ta fassara min da Turanci, ni kuma na faɗa wa Mma Sanatu.

"Wai me ya sa bai fasa taga ba? Ga murhu, ga itace, gilashi ɗaya ne tsakaninsu."

Kawu bai jira fassarata ba, ya ji da kansa. Ya amsa da Hausa, kamar da ita aka haife ta. "Mma, gidan mutane ne. Ba a ce min shigo ba."

Na mayar wa Marit, ta mayar wa uwarta. Tsohuwar ta girgiza kai, ta faɗi wata kalma guda wadda Marit ta ƙi fassarawa. Kawu ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce kalmar da take kiransa da ita ke nan in ya bar ƙofa a buɗe.

Daga nan ya gyara zama, ya ce in faɗa musu daidai yadda ya faɗa, kada in ƙara turancin jami'a. A hankali yake magana, yana hutawa tsakanin kalmomi.

"Mma Ragna, na zo sallama. Zan tafi gida. Na ci abincinki, na kwana a ɗakinki, na gode. Abin da na yi miki ba daidai ba, da wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe min. Ki gaida mai kanti da tsofaffin tebur, wanda ya rasu Allah ya sa ya huta. Rigar mijinki tana wurina."

Marit ta daɗe tana mayarwa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ta ce ya riƙe rigar. Ta ce ya tafi lafiya, ya kula da hanya. Sannan ta ɗaga hannu tana kaɗawa kamar mai tsaye a gaɓa, idonta ya fara lumshewa, Marit ta ce ta gaji.

Na kashe wayar. Ana jiyo ƙarar injin niƙa daga gidan maƙwabta. Mma Sanatu ta goge masa gefen baki da bakin mayafinta. Ya ɗago kai ya dube ta.

"Sanatu," ya ce, "ki aika a gaya wa mutanen layi na dawo."